Renon Furen Fansi a Kaduna: Daga Ƙwayar Iri Zuwa Fure Kafin Zafi Ya Kawo Jiki

Fakitin irin fansi na farko da ya shigo hannuna, a watan Afrilu na zuba shi. A bayan fakitin an rubuta cewa a shuka bayan sanyi ya wuce, ni kuwa na bi sau da ƙafa. Mako uku ina ba kasko ruwa safe da yamma, ko ƙwaya ɗaya ba ta leƙo ba. Na ɗauki fakitin na kai wa wani dattijo mai sayar da fulawa a bakin titi wajen Unguwar Rimi, ina cewa an sayar mini da mataccen iri. Ya juya takardar, ya dube ni, ya yi dariya.

"Alhaji, ai wanda ya rubuta wannan sanyin garinsu yake nufi. Lokacin da nasu sanyin ya wuce, shi ne daidai da hunturunmu. Ka bari sai ka ga masu lambun bakin kogi sun fara zuba irin latas da kabeji, sannan ka dawo mu yi magana."

Na ce, "Baba, wato wata shida zan jira?"

Ya ce, "In kana son fure. In kuma ban-ruwa kake sha'awa, ka ci gaba."

Duk abin da zan faɗa a nan a kan maganar dattijon nan ya ginu. Fansi ɗan hunturu ne a Kaduna. Wanda ya dace da lokaci ya yi rabin aikin, wanda ya kuskure shi kuwa ko ruwan zamzam zai zuba ba zai ga fure ba.

Abin da ya sa yake gudun zafi

A jikin fakiti za ka ga an rubuta Pansy, wani lokaci da sunansa na masana, Viola × wittrockiana. Sunan daga Faransanci ya samo asali, daga kalmar da ke nufin tunani, saboda furen yakan ɗan sunkuyar da kai kamar wanda ya yi tagumi. Fallayensa biyar ne: biyu a sama, biyu a gefe, ɗaya a ƙasa, da baƙin tabo a tsakiya mai kama da fuska. Yaran gidana "mai fuskar kyanwa" suke ce masa.

Ba a daji aka tsince shi haka ba. Masu lambun Ingila ne suka samar da shi a farkon shekarun 1800, ta hanyar barbarar wasu ƙananan furannin daji na Turai, daga baya aka haɗa da wani ɗan'uwansu na tsaunukan Altai da ke Asiya. Ka ga ke nan duk kakanninsa 'yan ƙasar sanyi ne, kuma gado ba ya ɓuya. Irinsa yana tsirowa da kyau idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 18 da 21 a ma'aunin Salshiyos. Da zarar ya haura 25 tsirowar takan ragu ƙwarai, a wajen 30 kuwa sai ƙwayar ta yi lamo ta ƙi motsi. Bayan ya tsiro ma ya fi son dare mai sanyi. Idan dare ya yi ɗumi sai ya miƙe siriri, furensa ya ƙanƙance, daga nan ya fara ban-kwana.

Mutanen Jos sun fi mu sa'a a nan, domin garinsu yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, mu kuwa muna wajen rabin haka. Abin da muke da shi shi ne darare da asubahin Disamba da Janairu, lokacin da sanyi kan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa da haka. Da rana har a cikin hunturun zafi yana kai 30. Saboda haka mai renon fansi a Kaduna kullum yana tsakanin abu biyu: ya ci moriyar sanyin dare, ya ɓoye shukarsa daga ranar azahar.

A yi lissafi daga baya

Daga ranar zuba iri zuwa furen farko mako 10 zuwa 12 ne. Zafin bazara kuma yakan fara nuna kansa tun ƙarshen Fabrairu, zuwa Maris da Afrilu ya wuce digiri 35. In ka zuba iri ranar 1 ga Nuwamba, sai tsakiyar Janairu za ka ga fure, ka more shi mako biyar ko shida. In ka bari sai Disamba, lokacin da sanyi ya kankama kowa ya fito da rigar sanyinsa, ka makara: shukar za ta fara fure daidai lokacin da zafi zai kashe ta.

Nan gizo ke saƙar. Lokacin da ya dace da lissafi, wato tsakiyar Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba, gari bai gama yin sanyi ba. Ruwa ya ɗauke, rana tana da ƙarfi, dare bai huce sosai ba. Dole ne kai ka ƙirƙirar wa irin sanyinsa na kwana goma sha biyun farko. Za mu zo kan yadda ake yi.

Ni ina raba fakiti gida biyu. Rabi wajen 15 ga Oktoba, rabi a farkon Nuwamba. In na farko ya kama, na samu fure tun ƙarshen Disamba. In zafi ya cinye shi, ina da madogara.

Iri

Ƙwayar fansi ba ta kai ta riɗi girma ba, launinta ruwan ƙasa mai ɗan sheƙi. Ba ta da dogon rai kamar irin kuɓewa ko wake, wanda za ka ajiye a rumbu ka manta. Shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfinta ya fara raguwa, a wuri mai zafi ma ba ta kai haka. Don haka ka duba kwanan watan da ke jikin fakiti, kuma ka guji wanda aka rataye a rumfa rana tana dukansa har launin takardar ya koɗe. Da ka kawo shi gida, ka saka a kwalba mai murfi ka ajiye a firji, ɓangaren kayan miya, ba wurin ƙanƙara ba. Mako ɗaya ko biyu a wannan sanyin kafin shuka yana taimaka masa ya farka da wuri.

Akwai masu manyan fure irin su Swiss Giants da Majestic Giants, akwai su Delta da Matrix waɗanda ba sa saurin miƙewa idan gari ya yi ɗumi. Sai kuma 'yan'uwansu masu ƙananan fure da ake rubuta wa Viola kawai, kamar Sorbet. In shawarata za ka bi, shekarar farko ka fara da masu ƙananan furen. Hotonsu a fakiti bai kai na manyan ɗaukar ido ba, amma sun fi jure wahala, sun fi saurin fure, kuma suna yin sa da yawa. Manyan sai hannu ya faɗa.

Ƙasa da mazubi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin zuba iri ka haɗa ƙasarka.

Jar ƙasar tsakar gidajenmu ba ta yi. Da ta sha ruwa sai ta cuɗe, da ta bushe sai ta yi ɓawo mai tauri wanda ɗan tsiron fansi ba zai iya fasawa ba. Abin da nake haɗawa: kwano biyu na ruɓaɓɓen ganye, irin baƙar ƙasar nan mai laushi da ake samu a gindin bishiya inda shara ta daɗe, kwano ɗaya na yashin kogi da aka wanke, kwano ɗaya na niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da masu fulawa ke sayarwa, ko ɓuntun shinkafa da ya shekara ya ruɓe. A tankaɗe da rariya a fitar da tsakuwa da itatuwa. In ka damƙi haɗin da ɗan danshi ya dunƙule, ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi.

Abu biyu kada su shiga. Na farko ɗanyen taki, musamman kashin kaji, domin yana ƙona jaririn tsiro. Na biyu toka. Na san mun saba barbaɗa ta a lambu, amma fansi yana son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, toka kuwa kashe tsamin take yi. Idan tsamin ya tafi sai sabbin ganye su fito ɗorawa-ɗorawa, kuma cutar baƙar saiwa ta samu ƙofa.

Bayan haɗawa, ka zuba ƙasar a bokiti mai huji, ka kwarara mata tafasasshen ruwa har ya ratsa, ka rufe ta kwana. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa da ƙwan ƙwari. Mutane suna raina wannan mataki, alhali shi ne ke raba wanda tsirransa za su tsaya da wanda nasa za su zube cikin dare ɗaya. Washegari ka baza ta sha iska, ta zama mai danshi ba mai ɗiga ba.

Mazubi kuwa ba sai ka sayi na musamman ba. Robar da ake zuba abinci a ciki, mai zurfin yatsa guda, ta wadatar. Ka wanke ta da sabulu, ka ɗora ƙusa a wuta ka huda gindinta wuri shida ko takwas. Kiret ɗin ƙwai na kwali ban ba ka shawara ba, iskar hunturu tana busar da shi kafin ka juya.

Zuba iri: duhu da sanyi

Ka cika robar saura kamar faɗin yatsa, ka daddanna a hankali da bayan cokali. Ka jiƙa ƙasar tun kafin iri ya sauka, don kada ruwa ya kwashe ƙwayoyin ya tara su a kusurwa ɗaya. Ka ninke takarda ka zuba irin a cikin ninkin, kana ɗan bugunta da yatsa suna faɗowa ɗaya-ɗaya, tazarar santimita biyu tsakaninsu. Mai haƙuri yakan jiƙa bakin tsinken sakace ya riƙa ɗauko su ɗai-ɗai yana ajiyewa, kuma shi ne zai ji daɗi ranar dashe. Sai ka barbaɗa tankaɗaɗɗiyar ƙasa a kai, kaurin milimita uku kacal, wato iyakar abin da zai ɓoye ƙwayar. Ka fesa ruwa da abin feshi. Ka rubuta kwanan wata a jikin robar, domin ƙwaƙwalwa tana yaudara.

Da yamma ake wannan aiki, bayan la'asar sakaliya, don irin ya fara da sanyin dare.

Fansi a duhu yake tsirowa. Wannan ya bambanta shi da latas, wanda ke son ɗan haske. Ke nan muna neman wuri mai duhu, mai sanyi, mai danshi, a cikin Oktoban Kaduna. Amsar tana gidan kakanninmu tun tuni: randa. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, saboda yumɓu yana tsattsafo da ruwa, iska tana busar da shi tana tafiya da zafin. Wannan hikimar ce wani malamin makaranta daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa da tsarinsa na tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ya hana tumatir ruɓewa shi zai sa irinka ya tsiro.

Ka samo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, masu faɗin baki. Ka zuba yashi a gindin babbar, ka zaunar da ƙaramar a ciki, ka cika tsakaninsu da yashi, ka jiƙa shi sharkaf. Robar irinka ta shiga cikin ƙaramar tukunyar, a kan ɗan dutse ko murfi don kada hujinta ya toshe. Ka rufe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohon tawul. A ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, kamar baranda ko zaure, ba cikin ɗaki a kulle ba, domin iskar ce ke yin aikin. Safe da yamma ka ƙara wa yashin ruwa ka sake jiƙa buhun. Iya bushewar iska iya sanyin cikin tukunyar, shi ya sa zubin Nuwamba ya fi na Oktoba samun sauƙi.

Wanda ba shi da tukwane, ya nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, ya ajiye robar a kan siminti kusa da randa, ya kifa mata kwali, ya ɗora jiƙaƙƙen buhu. Mai na'urar sanyaya ɗaki yana iya amfani da ita, sai dai wutarmu ba abin dogaro ba ce, kuma yinin zafi guda yana iya mayar da aiki baya. Cikin firji kuma ya yi sanyi da yawa, irin zai zauna ne kawai.

Ka kula da tururuwa. Suna son irin dangin fansi, sukan kwashe shi ƙwaya-ƙwaya ka wayi gari kana zargin mai sayarwa. In kana ganinsu a wurin, ka ɗora komai a kan benci ka saka ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa.

Kullum ka buɗe sau ɗaya, iska ta shiga, ka taɓa ƙasar. In sama ya fara fari, ka fesa kaɗan. Daga kwana na bakwai ka riƙa leƙawa safe da yamma. Yawanci tsakanin kwana 10 da 14 za ka ga ɗan farin abu ya lanƙwaso kamar ƙugiya, wasu sukan kai mako uku. Ba sa fitowa tare, kuma ba duka za su fito ba. A yanayinmu, in ka zuba talatin ka samu ashirin, ka gode wa Allah.

Makonni huɗun da ake asara a cikinsu

Ranar da ka ga kamar kashi ɗaya cikin uku sun leƙo, ka fito da robar. Kada ka ce bari sauran su fito. Kwana biyu na ƙari a duhu ya isa ya mayar da waɗanda suka riga fitowa farin zare mai tsawo, kuma tsiron da ya miƙe haka ba ya gyaruwa. Na baya za su biyo a waje.

Yanzu buƙata ta juya, haske suke so mai yawa, ba tare da zafi ba. Wurin da ya fi dacewa shi ne gindin bangon da ke kallon gabas: hantsi ya same su daga fitowar rana zuwa wajen tsakar rana, daga nan inuwar gini ta rufe su. Kwana ukun farko awa ɗaya ta isa, sai ka riƙa ƙarawa. Da dare ka bar su a fili su sha sanyi, shi ne abincinsu. In ka ga sun karkata gefe guda, ka riƙa juya robar kullum. In kara yana tsawo ganye yana nesa da ƙasa, haske ya yi kaɗan ko wurin ya yi ɗumi. Lafiyayyen ɗan fansi gajere ne, a takure, kamar ya zauna a ƙasa.

Ban-ruwa shi ne inda ƙauna ke kisa. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa cikin awa kaɗan, sai mutum ya ga fari ya ɗauko buta, alhali ciki jiƙe yake. Ka tura yatsa ko ka ɗaga robar ka ji nauyinta. In ta yi sauƙi, ka zuba ruwa a faranti ka zaunar da ita a ciki minti goma zuwa sha biyar, ƙasa ta tsotsa ta hujin gindi, sannan ka cire ta tsane. Ta haka kara ba ya jiƙewa, kuma ruwa ba ya kwantar da tsirrai. Da safe ake yi. Ruwan da ya kwana a randa ya fi wanda ya fito daga tankin da rana ta gasa.

In ka wayi gari ka ga wasu sun kwanta, ka duba gindinsu. Za ka ga karan ya sirance daidai bakin ƙasa kamar an ɗaure shi da zare, ya yi ruwa-ruwa. Wannan cutar naman gwari ce da ke zuwa da yawan danshi, cunkoso da rashin iska. Wanda ya kwanta ya tafi, babu magani. Ka kwashe shi da ƙasar da ke kewaye da shi da cokali, ka dakatar da ruwa, ka matsar da robar inda iska ke kaɗawa, ka barbaɗa busasshen yashi mai tsabta a tsakanin sauran. Shekarar da na yi kasalar tafasa ruwa, roba guda ta tafi haka cikin kwana biyu.

Sai maƙiyan tsakar gida. Ƙadangare yana ganin ɗanyen kore a cikin rani kamar an yi masa walima, kaji kuma ba sai an faɗa ba. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan 'yan sanduna yana maganinsu duka, yana kuma rage kaifin iska da ƙura.

Ganye biyun farko ba na gaskiya ba ne, guzurin da ƙwaya ta fito da shi ne. Idan na gaskiya suka bayyana, masu ɗan zagaye da baki kamar haƙoran zarto marasa kaifi, sai a fara ba da abinci. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a shafe, na takin NPK 15-15-15 a cikin lita goma na ruwa. A jiƙa tun dare don ya narke, a motsa, a ba su sau ɗaya a mako a madadin ruwan ranar. Yuriya kada ta kusance su, ganye za ta tura da tsawo, ta hana fure.

Dashe

Sau biyu nake yi. Na farko idan sun yi ganyen gaskiya biyu zuwa uku, wajen mako huɗu da zubawa. Kowane tsiro ya samu ɗakinsa: kofin roba mai huji, ko ledar fiya wata da aka yanke kai aka huda gindi, wadda ita masu fulawa suka fi amfani da ita. Ƙasar irin ta farko ce, da ƙarin kwano ɗaya na tsohon kashin shanu da ya ruɓe ya zama gari ba ya wari. Ka shayar da robar awa ɗaya kafin ka fara. Ka tura bakin cokali ƙarƙashin saiwa ka ɗago, ka riƙe tsiron ta ganye. Kada ka kama kara: ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murƙushe shi ke nan. Ka zaunar da shi daidai zurfin da yake a da, ko ƙasa da haka kaɗan in ya ɗan miƙe, amma tsakiyar da sabbin ganye ke fitowa kada ƙasa ta rufe ta. Kwana biyu a inuwa, sannan su koma hantsinsu.

Na biyu bayan mako biyu ko uku, idan ganye ya kai shida zuwa takwas, farar saiwa ta fara leƙowa ta huji. Yanzu za su tafi gidansu na dindindin. Tazara santimita 15 zuwa 20, wato kamar taƙi guda. Tukunya mai faɗin santimita 30 tana ɗaukar uku ko huɗu.

Tsakanin fangali da tukunya, a Kaduna tukunya na zaɓa, kuma ta ƙasa. Baƙar roba tana shan rana ta dafa saiwa, ta yumɓu kuwa tana sanyaya ta kamar yadda randa ke yi wa ruwa. Ga shi kuma kana iya ɗagawa ka bi inuwa idan rana ta sauya hanya a Fabrairu. In a ƙasa kake so, ka ɗaga fangalin ya yi tudu, ka cuɗa shi da ruɓaɓɓen taki da yashi, a wurin da inuwa ke sauka tun kafin azahar. Ko wanne ka zaɓa, da yamma ake dashe, a shayar sosai, a shimfiɗa busasshen ganye ko ɓuntu a sama ba tare da ya taɓa kara ba. In gara tana damun gidanka, ka bar shimfiɗar ta zama siririya kana dubawa.

Daga nan zuwa fure

Aikin ya yi sauƙi. Ruwa da safe a gindi, kullum ko bayan kwana ɗaya gwargwadon abin da yatsa ya gaya maka. In ka ga sun yi laushi da tsakar rana alhali ƙasa da danshi, zafi ne ba ƙishi ba, inuwa za ka ƙara. Taki ya koma ƙaramin cokali ɗaya a lita biyar, duk mako biyu. Sau ɗaya ko biyu a mako ka wanke musu ƙurar hunturu da feshi da sassafe, har bayan ganye, domin ƙura da bushewa su ke kiran wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo, waɗanda ke sa ganye ya yi ɗige-ɗige ya koɗe. Darɓa ma takan taru a kan sabon toho. In kaɗan ce ka murje da yatsa. In ta yi yawa, ƙaramin cokali na sabulun ruwa a lita ɗaya, ko ruwan ganyen dogon yaro da aka daka aka jiƙa ya kwana, a fesa da yamma. Ka gwada a tukunya ɗaya tukuna ka ga yadda ta kwana.

Akwai abin da zuciya ba ta so amma yana da amfani: tsiron da ya miƙe da kara ɗaya, ka tsinke kansa da farce, zai yi rassa ya cika tukunya. Sai dai lokacinmu gajere ne, saboda haka bayan tsakiyar Disamba ba na yi, don yana jinkirta fure.

Idan fure ya fara, duk wanda ya yi yaushi ka cire shi da sandarsa tun daga tushe. In ka bar shi zai ɗaura 'ya'ya, shukar ta ga ta cika aikinta ta rage sabon fure. Zagayen minti biyar bayan sallar asuba, kwana biyu-biyu, shi ke tsawaita kakar. Furen ana cinsa, wasu suna ƙawata kek da salak da shi, amma wanda ka rena da hannunka kawai, wanda ka tabbata maganin ƙwari bai taɓa shi ba.

Wajen ƙarshen Fabrairu za ka ga alamu: kara ya yi tsawo ya kwanta, fure ya ƙanƙance, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa. Matsar da tukwane inuwa mai kauri da rage tsawon rassan da kashi ɗaya cikin uku kan ƙara maka mako biyu. Bayan haka kada ka wahalar da kanka. A ƙasashen sanyi yana iya kaiwa shekara ta biyu, a nan shukar kaka ɗaya ce.

In kana son ajiye iri, tun farkon Fabrairu ka bar fure biyu ko uku a shukar da ta fi burge ka. Kwanson yana sunkuye yana ɗanye, idan ya nuna sai ya ɗaga kai sama ya fara fari. A ranar za ka tsinke shi, domin in ka ƙara kwana zai tsage gida uku ya harba ƙwayoyin nesa. Ka jefa shi a ambulan ka rufe, ya fashe a ciki. In fakitin da ka saya yana ɗauke da alamar F1, 'ya'yan ba za su yi kama da uwar sak ba, launi zai cakuɗe, fure zai ɗan ragu, ko da yake ni wasu da na fi so daga irin wannan cakuɗar suka fito. Bayan mako guda a inuwa sun bushe, ka rubuta wata da shekara a jikin ambulan, ka saka a kwalba, ta koma firji sai Oktoba. Tukwanen kuma ka juye ƙasarsu a gindin bishiya, ka wanke su ka kife, ko ka zuba musu sabuwar ƙasa da irin furen ziniya, wadda ita zafin Maris ba ya damunta.